Yadda Birni ke Rarrabe Kuɗin Ajiyarsa a Ƙarƙashin Dokar TABOR ta Kolorado: Jagora Mataki-Mataki

A jihar Kolorado ta Amurka, ranar da birni ya zuba dala a rumbu, ranar tsarin mulki yake rubuta cewa an kashe ta. Ranar da aka buɗe rumbun aka ɗebo ta aka sayo motar kashe gobara kuwa, a wurinsa ba a kashe ko sisi ba. Abin kamar a juye yake, amma duk wanda zai taɓa lissafin ajiyar wani birni a wannan jiha, akanta ne ko kansila ko ɗan jarida ko mai biyan haraji da ke son sanin inda kuɗinsa ya kwana, daga nan zai fara. In ya tsallake wannan, sauran lissafin aikin baban giwa ne.

Tushen maganar gyara ne da masu zaɓe suka yi wa tsarin mulkin jihar a Nuwamban 1992, ya zama sashe na 20 a babi na 10. Kowa TABOR yake ce masa, wato dokar haƙƙin mai biyan haraji. Wanda ya rubuta ta, Douglas Bruce, mazaunin Kolorado Springs ne, birnin da ya riga ya saka irinta a kundinsa tun 1991. Abin da ta zo da shi a taƙaice: ba sabon haraji, ba ƙarin haraji, ba bashi mai tsallake shekara sai an tambayi masu zaɓe. Akwai iyakar abin da hukuma za ta riƙe a shekara, abin da ya haura kuma a mayar wa jama'a. Ta ma faɗi da bakinta cewa in gardama ta tashi a kan ma'anarta, fassarar da ta fi taka wa bunƙasar gwamnati birki ita za a fifita.

Abin da ke rikita mutane shi ne kowace dala da ke cikin ajiya suna biyu gare ta. Na farko tsarin mulki ne ya raɗa mata: an ƙirga ta cikin iyaka, ko ba a ƙirga ba. Na biyu akantoci ne suka raɗa, bisa ƙa'ida ta 54 ta hukumar GASB, mai tsara yadda jihohi da biranen Amurka ke rubuta lissafinsu: wa ya ɗaure kuɗin, wa kuma ke da ikon kwance su. Tambayoyi biyu ne daban, ɗaya ba ta amsa ɗaya. Kuɗin gwamnatin tarayya ba sa shiga iyaka, amma yawanci a ɗaure suke tamau. Ragowar harajin bara an ƙirga ta tas, amma majalisar birni na iya kashe ta gobe da safe. A gama da tambayar farko kafin a taɓa ta biyu.

Mataki na 1: Fitar da aljihunan da dokar ba ta shafa ba

Birni ba asusu ɗaya gare shi ba. Akwai babban asusu, inda harajin saye da sayarwa da na kadara ke shiga, daga nan 'yan sanda da masu gyaran titi ke ci. Akwai kuma ma'aikatun da ke sayar da hidima a biya su, irin su ruwan famfo da wutar lantarki da filin jirgin sama. Irin waɗannan TABOR ta bar musu ƙofa, ta ɗauke su a matsayin kamfanin birni, in sun cika sharuɗɗa uku: sana'a ce mallakar gwamnati, tana da ikon fitar da takardun lamuni, wato takardun cin bashi, a kan kuɗin shigarta, kuma tallafin da take samu daga gwamnatin jihar da dukkan ƙananan hukumomin Kolorado in an haɗa bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekara ba.

Ajiyar kamfanin birni ba ta cikin iyaka, ba a kuma cire mata kashi 3 ɗin da za mu zo kansa. Amma matsayin ba rawani ba ne da za a naɗa sau ɗaya a zauna. Kowace shekara ake sake aunawa. A ce ma'aikatar ruwa ta samu dala miliyan 10 a shekara, a ciki akwai 600,000 daga jiha don canza bututu, sai birnin ya ga tausayinta ya ƙara mata 450,000 daga babban asusu. An haura kashi 10. A wannan shekarar ta faɗo cikin lissafin birni, sai an gyara tushen iyakar, wato adadin da ake auna ta daga kansa, in ta sake fita a sake gyarawa. Tallafin tarayya ba ya cikin wannan awon, shi ya sa akanta mai hankali yakan bi sawun kowane tallafi har ya ga mafarinsa, don wani kuɗin ta hannun jiha ya biyo amma daga Washington ya taso.

Suna kaɗai ba ya wadatarwa. A 1995 Kotun Ƙolin jihar ta ce hukumar babban titin E-470 ba kamfani ba ce a idon TABOR, saboda tana da ikon saka haraji, abin da ɗan kasuwa ba shi da shi. Sai kuma a lura da hanyar dawowa: in kamfanin ya tura wa babban asusu wani abu daga ribarsa, da shigarsa ya zama kuɗin shigar birni, a ƙirga shi.

Mataki na 2: Nemo takardun zaɓen da suka wuce

Mafi yawan biranen Kolorado sun riga sun je gaban masu zaɓe sun nemi izinin riƙe abin da ya haura iyaka. Mutanen jihar har suna suka raɗa wa abin, wanda in an juya shi da Hausa sai a ce "cire Bruce". Denver ta yi nata a kan harajin kadara a 2012. Sai dai cire Bruce iri-iri ne. Wani birnin izinin duk kuɗin shiga ya samu har abada. Wani na harajin saye da sayarwa kawai. Wani na 'yan shekaru. Wani kuma da sharaɗin rarar ta tafi tituna ko wuraren shaƙatawa, ba wani wuri ba.

Kada a dogara da "ai mun daɗe da cirewa" da tsofaffin ma'aikata ke faɗi. A ɗauko tambayar da aka buga a takardar ƙuri'a, a karanta ta kalma-kalma. Ita za ta faɗi kuɗin da suka fita daga iyaka, ita ce kuma za ta ɗaure su nan gaba in ta ambaci abin da za a yi da su. Abu biyu ba ta gogewa duk yadda aka rubuta ta: sabon haraji sai an sake tambaya, kuma ajiyar kashi 3 tana nan daram.

Mataki na 3: Fitar da iyakar bana

Wannan ba shi da tsawo. A ɗauki kashewar bara, a ƙara mata hauhawar farashi ta shekarar da ta gabata bisa ma'aunin yankin Denver da ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka ke fitarwa, a ƙara bunƙasar gari. Inda ake zamewa shi ne ma'anar bunƙasar. Ba yawan jama'a ba ne, wannan na gwamnatin jiha ne. Ba kuma tashin darajar tsofaffin gidaje ba ne. Sabon gini ne a cire wanda aka rushe, da filin da ya shigo ƙarƙashin haraji a cire wanda ya fita. Mai ƙiyasta darajar kadarori na gunduma ne ke aiko da alƙaluman zuwa 25 ga Agusta. Harajin kadara yana da tasa iyakar daban da ake fitarwa ta wannan hanya, a yi ta a takarda ta biyu.

Mataki na 4: Tankaɗe kuɗin shiga, a ga abin da ya halatta ya shiga rumbu

Nan ne zuciyar aikin. Abin da nake ta kira kashewar shekara, a ma'anar dokar, shi ne duk abin da birni ya kashe haɗe da duk abin da ya ƙara a ajiya. Tunda dala in ta shigo ko dai a kashe ta ko a ajiye ta, iyakar da aka ce ta kashe kuɗi ce a zahiri iyakar kuɗin shiga ce. Ba dabarar da za a ce "ba mu kashe ba, ajiyewa muka yi". Bruce ya toshe wannan ramin tun da farko.

Dokar ta lissafo abubuwan da ba a ƙirgawa, ko an kashe su ko an ajiye: kuɗin da za a mayar wa jama'a bana ko baɗi, kyauta, kuɗin gwamnatin tarayya, abin da aka karɓa a madadin wata gwamnati, gudummawar ma'aikata ga fansho da ribar asusun fanshon, ɗiba daga ajiya ko sauya mata wuri, diyyar ɓarna, da kuɗin sayar da kadara. Iyakarsu ke nan. Tallafin jiha ba ya cikin jerin, don haka ana ƙirga shi, komai kyawun aikin da aka bayar da shi dominsa. Kuɗin ruwan da ajiya ta haifa a banki shi ma sabon kuɗi ne, a ƙirga. Haka tara da kuɗin lasisi. A 2018 Kotun Ƙolin jihar ta yanke cewa santi 20 da garin Aspen ke karɓa a kan jakar takarda a kantuna ba haraji ba ne, don haka ba sai an yi ƙuri'a ba. Amma kuɗi ya tsira daga sunan haraji daban, ya tsira daga iyaka daban.

Mu ƙaddara wani birni da bai cire Bruce ba, alƙaluman na misali ne kawai. Kashewarsa ta bara dala miliyan 50. Hauhawar farashi kashi 3, bunƙasa kashi 1, iyakar bana ta zama miliyan 52. Shekara ta yi albarka, miliyan 61 suka shigo. A ciki miliyan 4 na tarayya ne, miliyan 2 an karɓar wa wata hukuma ne, miliyan 1 na wani fili da aka sayar, rabin miliyan kyauta, rabin miliyan diyya. An cire miliyan 8, saura 53. Daga cikinsu an yi hidimar miliyan 50, miliyan 3 suka rage a hannu.

Ido zai ce a zuba ukun a rumbu. Biyu kawai za su shiga, don 50 da 2 sun cika 52. Miliyan ɗayan da ya rage ba na birni ba ne, amana ce. A cikin shekara mai zuwa sai an mayar da shi, sai dai in masu zaɓe sun ce a riƙe. Yadda za a mayar an bar wa birni ya zaɓi hanya mai ma'ana: wasu kan rage harajin kadara na shekara guda, Kolorado Springs ta sha saka wa mutane a takardar kuɗin wuta da ruwa. Kafin a mayar, ko dai a rubuta shi bashi a kan birni ko a nuna shi a ɗaure. Wannan magana ce tsakanin daraktan kuɗi da odita. Abin da ba za a yi ba shi ne a bar shi ya saje da kuɗin da majalisa ke wa kallon nata.

Miliyan ɗayan filin nan kuwa yana iya shiga rumbu ba tare da ya ci ko taku ɗaya na iyaka ba. Shawarata a buɗe masa layinsa daban tun ranar da ya shigo. Bayan shekara biyar, in an gauraya, ba wanda zai iya nuna wace dala ce ta fili, wace ce ta haraji.

Mataki na 5: Cire kashi 3 na ko-ta-kwana

Dokar ta wajabta wa kowace hukuma ajiyar gaggawa: kashi 1 a 1993, kashi 2 a 1994, daga nan kashi 3 ko fiye na kashewar shekara, ban da abin da ake biya na takardun lamuni. A misalinmu, in biyan lamunin miliyan 2 ne, sai a ɗauki kashi 3 na miliyan 50, ya ba da miliyan 1.5. Ba sabon zubi ake yi duk shekara ba, abin da ba a taɓa ba yana tsallakawa. In ta bara miliyan 1.44 ce, cikon 60,000 kawai ake nema, daga cikin miliyan biyun da suka halatta.

Wahalar tana wajen buɗewa. Sai an ayyana gaggawa, kuma dokar ba ta faɗi mece ce gaggawa ba, abin da ba gaggawa ba ta faɗa: matsin tattalin arziki, giɓin kuɗin shiga, ƙarin albashi ko alawus. Ambaliya irin ta Satumban 2013 da ta ci garuruwan Lyons da Boulder, ko gobarar Marshall ta 30 ga Disamban 2021 da ta lashe gidaje fiye da 1,000 a Louisville da Superior da kewaye, ba mai musun waɗannan. Amma a 2010, bayan tattalin arziki ya durƙushe kuma masu zaɓe sun ƙi ƙarin harajin kadara, Kolorado Springs ta kashe kusan ɗaya cikin uku na fitilun titunanta. Duhun nan, komai tsananinsa ga mai dawowa gida da dare, a idon TABOR ba gaggawa ba ne.

Ko gaggawar ta tabbata, wanda ya ɗiba sai ya cike, don wajibcin kashi 3 na kowace shekara ne, kuma cikon ƙari ne a ajiya, yana cin iyaka daidai lokacin da gari ke lasar rauninsa. Shi ya sa ni ban ɗauki wannan ajiya a matsayin garkuwa ba. Rance ce da birni ke iya ci a wurin kansa na ɗan lokaci. Gwamnatin jihar ma ta sha lissafa wasu gine-ginenta a cikin nata kashi 3 ɗin, abin da ke nuna yadda ake kallonta. Gini dai ba ya sayen buhun yashi ranar da ruwa ya ɓalle. Amfani ɗaya da ba a cika ambata ba: in majalisa ta kai ga saka harajin gaggawa, wanda sai da kashi biyu cikin uku na mambobi kuma ba ya hawa kan kadara, ba za a taɓa kuɗinsa ba sai wannan ajiyar ta ƙare.

Mataki na 6: Raba ragowar gida biyar

Yanzu a ajiye tsarin mulki a ɗauko littafin akanta. GASB ta fitar da ƙa'ida ta 54 a 2009, ta fara aiki a shekarun kuɗin da suka soma bayan 15 ga Yunin 2010. Tambayarta a kan kowace dala guda ce: hannun wa igiyar take?

Gida na farko na abin da ba a iya kashewa ne, ko don ba tsabar kuɗi ba ne, kamar gishirin zuba wa titi lokacin ƙanƙara da ke jibge a sito da inshorar da aka biya tun kafin lokaci, ko don uwar kuɗi ce da mai kyauta ya ce ribarta kawai za a ci.

Na biyu ɗaurarre daga waje. Igiyar tana hannun tsarin mulki, ko dokar jiha, ko mai ba da tallafi, ko masu bin bashi, ko sharaɗin da masu zaɓe suka kafa lokacin da suka amince da harajin. Nan kashi 3 na TABOR ke zama, a layinsa shi kaɗai. Nan kason birni na harajin mai da jiha ke rabawa don hanyoyi yake, da kason cacar jiha da aka keɓe wa filaye da wuraren shaƙatawa, da ragowar tallafin tarayya. Duk kansilolin su haɗu baki ɗaya ba za su kwance shi ba.

Na uku turkakke: majalisa ce ta kafa turken da kanta, da mafi ƙarfin matakin da take da shi, yawanci dokar birni, kuma da irin wannan matakin kaɗai za ta tuge shi. Dole a kafa turken kafin shekara ta rufe, ko da adadin sai daga baya za a fitar. Ba a zuwa a watan Maris a ce an turke kuɗin bara.

Na huɗu wanda aka yi wa niyya. Ba doka, nufi ne kawai, na majalisa ko na jami'in da ta ba wa izini. In kasafin baɗi zai cike giɓinsa da ragowar bana, adadin nan yake zama.

Na biyar sakakke, abin da ya rage. Babban asusu ne kaɗai ke iya nuna sakakke mai rai. Sauran asusai sai dai su nuna shi a matsayin giɓi. Kamfanonin birni ba sa shiga gidajen nan biyar, nasu tsarin daban ne.

Na taɓa zama a kujerar baya a zaman kasafin wani ƙaramin gari, wani daren Nuwamba mai sanyi. Wani sabon kansila ya ɗora yatsa a kan jimlar ƙasan shafi ya ce, "Malama, ga kuɗi jibge, me ya hana a gyara mana titin makaranta?" Daraktar kuɗi ba ta yi musu da shi ba. Ta ɗauko rula ta ɗora a layin farko, ta ce, "Yallaɓai, mu sauka tare." Wannan na hanyoyi ne amma an riga an ba da kwangilarsa, wannan na masu lamuni ne, wannan kashi 3 ne, wannan ku kuka turke shi bara don ginin 'yan kwana-kwana. Kafin rular ta kai ƙasa, abin da ya rage bai kai rabin wanda ya ɗora wa yatsa ba. Ya yi shiru, sannan ya tambayi abin da ya kamata ya tambaya tun farko: cikin layukan nan, wanne ne mu za mu iya kwancewa?

Tarkon "asusun baƙar rana"

Tunda kashi 3 ba ya maganin karyewar kuɗin shiga, birni mai hankali yakan yi wata ajiyar daban. Ƙungiyar jami'an kuɗin gwamnati ta GFOA tana ba da shawarar kada ragowar da ba a ɗaure ba ta gaza hidimar wata biyu ta babban asusu, wato kusan kashi 17. Garin da ya dogara da harajin masu yawon buɗe ido ko 'yan wasan ƙanƙara ya kamata ya wuce haka, don shekarar da dusar ta ƙi sauka kowa zai ji a jikinsa.

Majalisu da yawa kan zartar da ƙuduri, su raɗa wa kuɗin suna mai nauyi, su ɗauka sun turke shi. Odita ba suna yake dubawa ba. In takardar cewa ta yi za a taɓa kuɗin "in gaggawa ta taso" ko "in kuɗin shiga ya gaza", bai isa ba, don waɗannan abubuwa ne da ke iya faruwa kowace shekara. Sai an fayyace yanayin, an sa masa awo, ya zama abin da ba kullum ake gani ba, misali faɗuwar kuɗin shiga da wani kaso takamaimai mai girma. In ba haka ba kuɗin sakakke ne, sai dai a yi bayanin manufar a bayanan ƙarshen rahoto. Haka ma dokar cikin gida da ta ce kada ragowa ta sauka ƙasa da kaso kaza: ba ta mayar da kuɗin turkakke.

Ni ban ga aibu a bar shi sakakke ba, in dai kowa ya san haka ne. Abin da ke da haɗari shi ne a haɗa kashi 3 na TABOR a cikin wata biyun a ce an cika. Ranar buƙata sai a tarar wani yanki na abin da aka dogara da shi ba ya buɗuwa.

Akwai wata ajiyar da aka fi mantawa da ita. TABOR ta hana ɗaukar nauyin kuɗi mai tsallake shekara ba tare da ƙuri'a ba, sai in an ware tsabar kuɗin da zai biya shi duka, an jingine shi jinginar da ba a warwarewa. Kwangilar manajan birni mai alƙawarin sallama, ko yarjejeniyar shekara uku da ɗan kwangila, suna iya faɗawa nan. Yawancin birane kan kauce ta hanyar rubuta cewa biyan kowace shekara sai majalisa ta amince a kasafin wannan shekarar. Wanda ya zaɓi jingina kuwa, ya cire kuɗin daga sakakke tun ranar sa hannu.

Mataki na 7: Kafin a ɗiba, a duba abin da zai sami tushe

Ɗiba daga ajiya ba ta cin iyaka, mun faɗa. Amma tana da wata fuskar. Mu koma birninmu. Shekara ta juya, kuɗin da ake ƙirgawa ya sauko miliyan 49. Majalisa ta ɗebo miliyan 3 daga rumbu ta yi hidimar miliyan 52, ba a sallami kowa ba, ba a kashe fitila ba. A idon TABOR kashewar shekarar 49 ce, don ukun an ƙirga su tun ranar da aka zuba. Iyakar baɗi daga 49 za ta tashi, ba daga 52 ba. In kasuwa ta farfaɗo kuɗi ya koma inda yake, sai birni ya tarar yana mayar wa jama'a "rara" alhali rumbunsa wayam, ba kuma damar cike shi.

Ajiya tana ceton hidimar bana, ba ta ceton tushen baɗi. Maganinsa yana akwatin zaɓe kaɗai. Abin da Kolorado Springs ta yi ke nan a Nuwamban 2020, lokacin annobar korona: ta nemi masu zaɓe su yarda a auna daga matakin 2019, suka yarda. Kuma ba kowace rana ake irin wannan ƙuri'a ba, sai a babban zaɓen jiha, ko zaɓen birni da ake yi duk shekara biyu, ko Talatar farko ta Nuwamba a shekarun mara. Wanda ya hango faɗuwa a watan Yuni, a watan Yuni zai fara rubuta tambayarsa.

Mataki na 8: Rubuta, a kuma adana

Ga birnin da ke bin dokar kasafi ta jiha, daftari yana isa gaban majalisa zuwa 15 ga Oktoba, a zartar a kuma tabbatar da harajin kadara zuwa 15 ga Disamba, a aika wa sashen ƙananan hukumomi na jiha kwafi zuwa 31 ga Janairu, rahoton odita kuma ya isa ofishin babban mai binciken kuɗi na jiha zuwa 31 ga Yuli. Biranen da ke da kundin kansu wasu ranakunsu kan bambanta, a duba kundin. Duk turken da ake son kafawa, a zaman Disamba za a kafa shi. A rubuta kuma a manufa wane gida ake fara ɗiba in aiki ɗaya ya halatta a biya shi daga gida biyu. In ba a rubuta ba, ƙa'idar ta ɗauka turkakke ne farko, sai na niyya, sai sakakke.

Takardar lissafin iyaka ta kowace shekara, da alƙaluman mai ƙiyasi, da shaidar asalin kowane kuɗin da aka ce ba a ƙirgawa, da kwafin tambayoyin ƙuri'a, a haɗa su a fayil guda kada a bari su bi tsohon akanta gida ranar ritayarsa. Dokar ta ba mutum ɗaya ko gungun jama'a damar kai ƙara, kuma ƙarar tana waiwayen cikakkun shekarun kuɗi huɗu. Abin da aka karɓa ko aka riƙe ko aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, a mayar da shi da ruwan kashi 10 a shekara, ruwan da ba ya haihuwa, tun daga ranar da aka yi kuskuren, kotu kuma na iya sa a biya wa mai ƙarar da ya yi nasara kuɗin lauyansa. Miliyan ɗayan nan da ya haura iyaka a misalinmu, in aka yi masa suna "ajiya" aka bar shi ya shekara huɗu a rumbu, miliyan 1.4 zai fito, ban da lauyoyi.